Wainar Satifiket

Har yau in aka tayar da maganar a gidanmu, takwarata cewa take yi na kusa raba ta da aiki biyu a rana ɗaya, wanda take yi da wanda take nema. Ni kuwa ban taɓa amsa laifin ba, kuma ba yau zan fara ba. Abin da na sani dai waina na soya. Shekara arba'in da ɗoriya ina soya ta a bakin tashar jirgin ƙasa ba a taɓa kai ƙarata ba, sai da na soya ta kyauta a tsakar gidana.

Takwarata jikata ce, 'yar babban ɗana. Sunana aka sa mata, kuma a ɗakina ta tashi a nan Fagge. Ta yi difloma ta gama, ta yi ta yawon kai takardu ofis-ofis har dugadugan takalminta suka cinye, ba wanda ya ce mata ko zo ki zauna. Da na gaji da ganinta kwance tana kallon rufin ɗaki, na kama hannunta na kai ta wurin Alhaja.

Alhaja maƙwabciyata ce, gida uku tsakaninmu. Bayarabiya ce, amma a Fagge aka yanke mata cibiya, kuma in ta juya Hausa sai ta ƙure wasu masu taƙama da ita. Tana da shago a Kasuwar Singa, taliya da madara da sukari da man gyaɗa, katon kan katon har sama. Tare muka yi 'yanmatanci. Faɗan da muka yi ba ya lissafuwa, amma ranar da maigidana ya rasu ita ta fara shigowa, ita ce kuma ta ƙarshen fita. Ta karɓi takwara ba musu. Shekara huɗu yarinya tana shagon, har Alhaja ta damƙa mata makullin sito, ta daina fita kasuwa sai bayan azahar.

Sai yarinya ta ɓullo da sabon hali. In an yi sallar asuba ba ta komawa barci. Ta jingina waya da kwanon sha, ta cusa igiya a kunnuwa, tana gyaɗa kai tana rubutu. Na zuba mata ido kwana uku, ran na huɗu na cire igiya ɗaya.

"Wane ne wannan da ba zai zo zance da la'asar kamar 'ya'yan mutane ba?"

"Kai, Inna! Karatu nake yi."

"Makarantar tana ina?"

"Ga ta nan." Ta juyo mini da wayar. Wani mutum ne mai tabarau da sanƙo, yana ta zuba Turanci yana nuna zane. Ta ce kwas ake ce masa, a intanet ake yi, in ka gama ka ci jarrabawa su aiko maka da satifiket. Ta ce yanzu difloma kaɗai ba ta sa a ɗaga kai a dube ka, kowa yana da ita, sai ka nuna ka ƙara wani abu a kai.

Ta danna, mutumin ya tsaya cak da baki buɗe. Ta je ta sha ruwa ta dawo, ta sake dannawa, ya ɗora daga inda ya tsaya, ko fushi bai yi ba. Na ce lalle kin samu malami. Da namu malamin na allo ne, da yanzu kin san yadda dorina take.

Daga nan na zama 'yar aji. Ina lazimi tana karatu, in wani abu ya ba ta sha'awa ta fassara mini. Ran nan ta ce mai sanƙo ya ce kayan da suka fara shiga sito su za su fara fita. Na ce a gaishe shi da ƙoƙari, wannan ko mai ƙullun waina ta sani. Amma ba zan ci amanarsa ba, ya faɗi wasu abubuwan da ban sani ba. Shi ya ce kada a jingina buhu da bango, a bar tazarar da iska za ta bi. Na tuna buhunan shinkafata da suka yi ta yin fumfuna da damina ina ɗora wa mai sayarwa laifi. Ban faɗa mata ba.

Duk kwas ɗin da ta gama sai ta bi ta Sabon Gari, shagon wani bawan Allah ɗan kudancin Kaduna mai buga takardu, ya fitar mata da satifiket ɗin a takarda mai kauri, ya manne shi cikin leda. Na kwamfuta, na yadda ake tarbar kwastoma, na tsaftar kayan abinci, wani ma na kashe gobara. Sai da suka kai goma. A ƙarƙashin katifata take ɓoye su, ina kwana a kan ilimi ban sani ba ko yana shiga ta baya.

Ana nan wani kamfani a Titin Ibrahim Taiwo ya ce yana neman mai kula da sito. Duk abin da suka lissafa tana da shi, sai abu ɗaya: wasiƙa daga inda take aiki, da sa hannun mai wurin da lambar wayarsa. Ranar Litinin ta sama za su rufe karɓa.

A nan yarinya ta tsaya. Akwai wata da ta taɓa barin shagon Alhaja ta koma wani ba sallama, shekara shida ke nan Alhaja ba ta amsa gaisuwarta. Takwara ta ce in ta nemi wasiƙa Alhaja ta kore ta, kamfanin kuma bai ɗauke ta ba, ta koma ina? Wata ƙawarta ta ba ta shawara a buga wasiƙar kawai, a samu kowa ya sa hannu. Na ce in ta yi haka ta kwashe takardunta daga ƙarƙashin katifata, ba na kwana a kan ƙarya.

"To ki bar ni in yi tunani. Amma Inna, don girman Allah, bakinki."

"Na kulle."

"Inna."

"Na ce na kulle. Ko in rantse ne?"

Da ta sa na rantse ɗin ma da ya fi mata.

Ranar Laraba ta shigo da satifiket na goma sha ɗaya. Wannan ba irin sauran ba ne. Wata uku ta yi tana fama da shi, na tsarin sito ne gaba ɗaya, ta faɗi jarrabawar sau ɗaya ta yi kuka ta sake zama. Gefensa ruwan zinari, ga hatimi kamar na takardar fili. Ta ɗora mini a cinya. Na shafa shi.

A gidan da na tashi, yaro ba ya kai ƙarshen karatu a yi shiru. Ko izu ya haɗa sai an yi sadaka an raba wa maƙwabta, su ci su sa albarka. Na san wannan ba saukar Alƙur'ani ba ce, hankalina ɗaya. Amma yarinya ta hana idonta barcin safe wata da watanni, a ce ko addu'ar mutum ɗaya ba ta hau kan takardar ba? Kafin magariba na jiƙa shinkafa.

Da safe tana fita kasuwa na ɗora tanda. Hannuna bai manta ba. Surukata, uwar takwara, ta yi miyar taushe tana ta kallona ta gefen ido. Na zuba a kwanuka, na yafa mayafi, na ɗauko satifiket ɗin na soke a hammata, don in an tambaya a gani da ido. Da kaina na fita rabo. Gidan farko aka ce ta mece ce, Inna? Na ce takwara ce ta sauke karatun waya. Aka sha addu'a, aka juya takarda, aka ce masha Allah. Gida na biyu ma haka. Na dawo ɗaukar kwano na uku sai surukata ta ce a hankali, "Inna, Alhaja fa?"

Na tsaya da kwano a hannu.

Wallahi sai a lokacin ta faɗo mini. To yanzu fa? A unguwarmu ba a rabon sadaka a tsallake gida. In ka tsallake mutum ka gaya wa duniya kun ɓata ke nan. Kuma matar gida na biyu, kafin azahar ta kai labarin har Kantin Kwari. Alhaja za ta ji an yi waina, ta ji ta mece ce, ta kuma ji an hana ta. Na ce gara ta ji ɗaya da ta ji uku. Na zaɓi kwano mafi girma, na ƙara nama. Niyyata in ajiye in juyo.

Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi a gwiwa.

"A'a, mai waina ta tuna da sana'a. Wa ya haihu?"

"Ba kowa."

"Wa ya dawo daga Makka?"

"Ke dai ki ci."

"Maigidanki ba a wannan watan ya rasu ba. Ni ba na cin abin da ban san addu'ar da zan yi a kansa ba. Mene ne wannan a hammatarki yake ƙyalli?"

Na yi alkawarin baki, ban yi na hammata ba. Na miƙa mata. Alhaja ta yi firamare, ta sa tabarau ta bi shi layi-layi tana motsa leɓe. Ta daɗe.

"Tsarin sito," ta ce. "Sitona ɗaya ne, makullinsa yana jakarta. Wane siton kuma take wa karatu?"

Na ce ilimi ai ba ya yawa. Na fara gyara mayafi zan fita. Da ta bar ni a nan da an rabu lafiya. Sai ta jefa takardar kan tabarma ta yi tsaki.

"Takardar waya. Yara su yi ta ƙona data a banza. Wa zai dubi wannan ya ba mutum ko gadin ƙofa?"

"Kamfanin Titin Ibrahim Taiwo mana!" na ce. "Mai hawa uku! Guda goma sha ɗaya gare ta irin wannan, wasiƙarki kaɗai ta rage!"

Na ji maganar tana fita ina kallonta, ba halin kamowa. Alhaja ta cire tabarau ta ninke. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ɗauki waya a gabana ta kira takwara, ta ce ta rufe shago ta kawo mata makulli yanzu.

Yarinya ta dawo gida tun kafin azahar, jaka ba makulli. Ta dubi tanda, ta dubi kwanuka, ta dube ni. Ta kwashe takardunta daga ƙarƙashin katifata ta koma ɗakin uwarta. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Da asuba ɗakina shiru, ba mai sanƙo ba Turanci. Ɗana ya shigo gaishe ni ya yi ta kewaye-kewaye, na ce in faɗa ya zo yi mini ya fito fili, in kuwa ba zai iya ba ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi. Amma ranar ko tuwo ban taɓa ba. Litinin tana matsowa, yarinya ba aikin hannu, ba wasiƙa.

Ni dai tunda nake ban taɓa zuwa ba Alhaja haƙuri ba. Kullum sai dai a wayi gari ɗayanmu ta aika wa ɗaya da aron turmi, shi ke nan an shirya. Ranar Asabar da hantsi na ɗaura zanen fita na tafi ba turmi ba komai.

Na tarar da kwanona a wanke a bakin ƙofa. Na duba ciki, na ce, "Ashe dai an ci."

"Wainar ba ta yi mini laifi ba. Zauna."

Na zauna. Na ce yarinya ba ta da laifi, tsoro ne ya hana ta magana, in akwai mai laifi to... to ga ni dai na zo. Iyakar abin da ya iya fita ke nan. Alhaja ta san nauyinsa a bakina, har ta ɗan kau da kai don kada in ga tana murmushi. Sannan ta juyo.

"Kin ɗauka tafiyarta ce ta ƙona mini rai? Na san za ta tafi. Yarinya mai kai irin wannan ba ta tsufa a bayan katon ɗin taliya. Wata biyar ke nan ina ganin ta janye mini buhuna daga bango, ta manna wa kowane layi takarda, na san ba ni na koya mata ba. Ina jira ta buɗe baki. Amma ke! Wani ƙato a cikin waya, bai san sunanta ba, bai san ko ta karya ba, ya yi mata wata uku kin jiƙa masa shinkafa kin zaga unguwa. Ni shekara huɗu. Ni na koya mata gane madarar jabu da ido, ni na koya mata yadda ake tsare ɗan dako ba a zage shi ba. Me na samu? Kwano ɗaya, shi ma don kina tsoron bakin mutane."

Na ce kwanon ai shi ne babba. Ta ce in rufe mata baki.

Ta ce a wurinsu wanda ya koyi sana'a a hannunka ba ya sulalewa kamar ɓarawo. Yaye shi ake yi. Iyayensa su zo da goro da zuma, a kira malam, a tara 'yan layi, ubangida ya faɗi halinsa a gaban kowa ya sa masa albarka, sannan ya tafi da ƙafar dama. Waccan yarinyar da ta daina amsa wa gaisuwa, abin da ta hana Alhaja ke nan.

"In kuna son wasiƙa, gobe Lahadi a ƙofar shagona. Ke za ki soya wa layin gaba ɗaya."

"Na ji."

"Ban gama ba. Tunda ke kika kwance mini shago, in sun ɗauke ta, ke za ki zauna mini da safe har in samu wata."

"Ni? Da tsufana?"

"Da tsufanki kika zaga unguwa da takarda a hammata."

Ranar da la'asar mu uku muka shiga adaidaita zuwa Sabon Gari, takwara a tsakiya kamar an kamo ta. Alhaja ta zauna a gaban mai buga takardu tana faɗa yana juyawa da Turanci. Ta ce a rubuta shekara huɗu ko ƙwayar ashana ba ta ɓata a hannunta ba. A rubuta ba ta taɓa makara ba sai ranar da aka yi ruwan da ya cinye titi. A rubuta tana da taurin kai, gadon kakarta ne. Mutumin ya ɗago ya ce, "Mama, wannan ba a sa shi a wasiƙar neman aiki." Ta ce gaskiya ce ko ba gaskiya ba? Suka yi ta ja, daga ƙarshe aka rubuta cewa in ta ga daidai ba ta sauka daga kai. Kakar kuma aka cire ta. Na ce ban yafe ba, sau ɗaya da za a ambace ni a ofis.

Lahadi na kai tanda Singa. 'Yan layi suka taru, masu shaguna da 'yan dako. Malam ya yi addu'a. Alhaja ta sa takwara ta durƙusa, ta ɗiga mata zuma a harshe, ta yi ta magana da Hausa, da ta zo wurin da ya taɓa ta sai ta koma Yarabanci. Ta buga hatimin shago a wasiƙar ta miƙa mata da hannu biyu. Takwara tana kuka, ta waiwayo ta harare ni ta cikin hawayen. Na ci gaba da juya wainata.

Litinin da sassafe ta kai takardu, wasiƙar a sama, goma sha ɗayan a ƙasa. Bayan sati biyu suka kira ta intabiyu. Ta ce sun zaunar da ita gaban kwamfuta suka ba ta jerin kaya a hargitse suka ce ta tsara, kuma irinsa sak mai sanƙo ya sha ba su. Manajan ya ware satifiket huɗu ya yi mata tambayoyi a kansu, sauran ko kallo. Sannan ya kira lambar da ke jikin wasiƙa. Yana so ya ji kalma biyu, Alhaja ta riƙe shi har shayinsa ya huce, kuma taurin kan da aka hana ta rubutawa sai da ta faɗa masa da baki. Ranar Alhamis saƙo ya shigo wayar takwara ta fara aiki farkon wata.

Ni kuma na fara nawa. Kullum da hantsi ina kan kujerar roba a ƙofar shagon Alhaja, ƙaninta yana ciki yana sallamar masu saye, ni aikina ido. Ba ɗan dakon da ya isa ya jefar mini da katon. Masu shagunan layin sun koyi zuwa gaishe ni kafin su buɗe, mai shayi ya san yadda nake so. In Alhaja ta iso bayan azahar sai ta tarar na tara mata labarin layin kaf, mu zauna mu yi ta musu har la'asar.

An kawo 'yanmata neman gurbin. Ta farko Alhaja ta ce ta cika kallon waya. Ta biyu wai tafiyarta kamar mai ciwon baya. Ta uku ban ma ji dalilin ba. Na ce mata na gane ki, so kike in mutu a kan kujerar nan. Ta ce in na gaji in faɗa.

Satin da ya wuce aka kawo ta huɗu. Yarinya mai natsuwa, ga gaisuwa, ga saurin hannu, har da satifiket biyu irin na waya. Alhaja ta duba sama ta duba ƙasa ta rasa laifin da za ta kama, sai ta juyo ta ce, "Mai waina, ya kika gani?"

Na dubi yarinyar, na dubi kujerata. Na ce a dai ƙara dubawa.